"Blast": Kalmar da ke ƙara wa labari gishiri

Duk mai bin jaridun Turanci na Ghana a waya ya saba da kalmar "blast". Kusan kullum sai ka ga an buga cewa wani ɗan NPP ya yi "blast" ɗin ɗan NDC, ko wani mawaƙi ya yi wa abokin sana'arsa. A majalisun shayi na Nima da Aboabo ma ta kama bakin samari: "Kai, jiya maigida ya yi blastin ɗina!"

A tsohon Turanci, ma'anarta iska ce mai ƙarfi da ke bugowa farat ɗaya. Daga nan ta koma nufin fashewa. Da ita jaridu suka ba da labarin Apiate, kusa da Bogoso, ranar 20 ga Janairun 2022, lokacin da motar da ke ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta tarwatse, ta rushe gidaje, aka rasa rayuka.

Ma'ana ta biyu aro ce: a yi wa mutum kaca-kaca da baki. Bahaushe zai ce an caccake shi, ko an yi masa wankin babban bargo. Gane bambancin ba wuya. In sunan mutum ko jam'iyya ya biyo bayanta, suka ake nufi. In kuwa an ambaci wuri, da waɗanda suka mutu ko suka ji rauni, to fashewa ce.

Matsalar tana ga wannan ta biyun. Editoci na son kalmar don gajeriya ce, tana kuma jan ido. Sau da yawa in ka buɗe labarin, sai ka tarar mutumin cewa kawai ya yi bai yarda da ra'ayin wane ba. Ba zagi, ba cin mutunci. Amma kafin nan an tura kanun a WhatsApp, wani ya fassara wa dattawa cewa "an zagi malam" ko "an ci zarafin sarkin zango". Shi ke nan, gaba ta shiga tsakanin gidaje biyu a kan maganar da ba a yi ba.

Saboda haka in ka ga "blast", dakata tukuna. Karanta abin da mutumin ya faɗa da bakinsa kafin ka kai wa wani.