Tsalle da Ka Cikin Tafki: Wasan da Ke Karya Wuyan 'Ya'yanmu a Kurfai

Da zarar ruwan Agusta ya zauna, kwarin Dallol Bosso ya sha ya ƙoshi, tun daga Baleyara da Bonkuku har Filinge da Tukunus duk wani rami da kwazazzabo sai ya zama tafki. Lokacin kuma ya faɗo daidai da babban hutun 'yan lakwal. Wankan tafki ba sabon abu ba ne a ƙasar Kurfai, kowane namiji a cikinmu ya yi shi yana yaro. Sabon abin shi ne salula. Yanzu yaro ba ya shiga ruwa don ya huce zafi, sai ya nemi gaɓa mafi tsayi, ko reshen bagaruwa, ko bakin gada, ya hau, abokinsa na ƙasa yana ɗaukar bidiyo, sannan ya sako kansa ƙasa, kai ne a gaba. Wanda ya fi hawa sama shi ne gwani a ranar.

In ka tambaye su inda suka koyo, sai su nuna maka bidiyon Turawa suna hawan duwatsun bakin teku ba igiya, in hannu ya kuɓuce su faɗa ruwa su fito suna dariya. Wasan gaskiya ne, yana da tarihinsa. Miquel Riera ya soma shi a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya wajen ƙarshen shekarun 1970, 'yan Ingila suka kama shi a gaɓar Doset a shekarun 1980, kuma a 2006 Ba'amurke Chris Sharma ya haye wani dutse mai suna Es Pontàs bayan ya sha faɗowa cikin teku, sunansa ya zaga duniya. Sai dai ganin kitse yaranmu suke yi wa rogo. Kafin mai wannan wasa ya ɗora hannu a dutse, sai ya nutsa ya duba zurfin wurin da zai faɗa, ya jira lokacin da teku ta cika, ya san ta inda zai fita daga ruwan, ya tanadi kwalekwale ko tsanin igiya, ga abokin da ya iya ceto yana kallonsa. Sabon shiga ba a barinsa ya yi nisa sama, sai ya koyi faɗuwa tukuna daga ƙasa-ƙasa. Kuma dukansu da ƙafa suke shiga ruwa, jiki a miƙe, hannuwa a manne. Wannan duka ba ya shiga bidiyon daƙiƙa talatin.

Mu kuwa me muke da shi? Ruwan tafki ja-wur, wanda in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Gaɓar da ake hawa yashi ce da yumɓu da marmara, ruwan sama na jiƙa ta sai ta riƙa zubewa a ƙarƙashin ƙafa. Abin da ya fi muni, zurfin tafkinmu ba ya zama a yadda yake. Ruwan dare ɗaya ya isa ƙorama ta kwaso yashi da kututture da ƙaya ta jibge a daidai inda jiya aka yi tsalle lafiya. In an kwana biyu ba ruwa kuma, rana da dabbobi su shanye shi, fuskar tafkin tana nan kamar da, ƙasan kuwa ya matso kusa.

Na tsaya a bakin wani rami da aka haƙi ƙasar gyaran hanya, samari sun jeru suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo da ya kawo shanunsa shan ruwa ya ce wa babbansu, “Kai yaro, ka auna wurin nan kuwa?” Saurayin ya ce, “Haba Baba, ai mun saba, jiya ma nan muka wuni.” Dattijon ya ɗauki sandarsa ta kiwo ya shiga ya caka, ruwan bai wuce ƙugunsa ba. Suka yi dariya, suka matsa gefe kaɗan, suka ci gaba. Wannan “mun saba” ita ce ke cin mutane, kuma ba yara kaɗai ke faɗinta ba.

Ga lissafin da ya kamata kowane uba ya sani. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 5 yana isa ruwa da gudun kusan kilomita 35 a awa. Daga mita 10, gudun ya kai kusan kilomita 50. In kai ne a gaba, ruwan kuma gajere, sai kan ya daki ƙasa ya tsaya cak, nauyin jiki duka ya sauka a kan ƙasusuwan wuya. Laka ta bi ta cikin waɗannan ƙasusuwa ne, kuma in ta yanke babu likitan da ke iya haɗa ta, ko a Yamai ko a Faransa. Yaron da ya fita gida da ƙafafunsa sai ya koma ana juya shi a shimfiɗa har ƙarshen rayuwarsa. Wani ma ba ya kai nan: idonsa biyu, fuskarsa cikin ruwa, hannu ya ƙi motsi, abokai na gaɓa suna tafi sun ɗauka gwaninta yake yi.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne abin da ake yi bayan an tsamo shi. Wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, kai yana lilo. Wani ya zaunar da shi yana girgiza shi, wani ya murɗa masa wuya wai ya gyara. Daga nan a ɗora shi bisa kabu-kabu tsakanin mutum biyu, a bi hanya mai gargada, wani lokaci ma wajen maɗori za a fara kai shi. Wani lokaci tsallen ya tsaga ƙashi ne kawai, masu taimako su ne suke ƙarasa lakar. Duk wanda ya faɗa ruwa da ka ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko hannuwansa sun mutu, ko wuyansa na ciwo, a ɗauka wuyan ya karye. A juyo da fuskarsa sama tun yana cikin ruwa, mutum ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu daidai da jiki kada ya karkata ko'ina. A zura ƙyaure ko faffaɗan katako ƙarƙashinsa a ɗauke shi a kwance, a tare gefen kai biyu da naɗaɗɗen zane, a nemi mota zuwa asibiti. Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ce, kuma duk tsawon hanyar nan wuyan bai kamata ya motsa ba. In kuwa ba ya numfashi, numfashi ne a gaba da komai: a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji. A daina rataye mutum kai ƙasa ko taka masa ciki wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne. Wanda bai iya iyo sosai ba kuma kada ya faɗa ceto, ya miƙa gora ko igiya, ko ya jefa jarka wofi mai murfi a rufe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa suna da babban kaso a ciki, kuma tun wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan nutsewa. Ranar ta zo dab da cikar tafkunanmu, amma sai ta wuce ba mu ce uffan ba.

Hana yara tafki gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kowa ya sani. Abin da zai yiwu shi ne uba ya san tafkin da ɗansa ke zuwa, ya kafa masa doka cewa ba tsalle da ka, ba tsalle a wurin da ba a auna da sanda a ranar ba, ba zuwa shi kaɗai. Masu gari da limamai su faɗi wannan a masallaci tun farkon damina, malaman lakwal su faɗa kafin a tafi hutu, masu kwangilar hanya kuma a tilasta musu cike ramukan da suka haƙa kusa da gari. Kai kuma mai riƙe da salula kana zuga abokinka ya ƙara hawa sama, ajiye ta ka ɗauki sanda ka auna masa ruwan tukuna.