Furotin ɗin PD-L1 da Kansar Hanta a Jihar Taraba

Tun daga shekarar 2014 maganin ciwon daji, wanda ake kira kansa, ya ɗauki sabon salo a manyan asibitocin duniya, inda maimakon a dogara kacokan ga magungunan da ke kashe ƙwayoyin cutar da ƙarfinsu, likitoci suka koma ga farfaɗo da garkuwar jikin majiyyaci domin ita ta yi yaƙin da kanta. Tushen wannan sauyi wasu furotin ne guda biyu, wato sinadaran da ƙwayar halitta ke ƙerawa ta ɗora a bayan fatarta domin mu'amala da sauran ƙwayoyi. Na farko shi ne PD-1, wanda Tasuku Honjo da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Kyoto ta Japan a 1992, yana zaune a jikin ƙwayoyin T, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ke farautar duk ƙwayar da ta kamu da cuta ko ta gurɓace. Na biyu shi ne abokin haɗuwarsa, PD-L1, wanda Lieping Chen ya bayyana a Amurka a 1999.

Idan waɗannan furotin biyu suka haɗu, saƙo yakan shiga cikin ƙwayar T ya sa ta sassauta, ta rage hayayyafa da fitar da gubar da take kisa da ita, shi ya sa masana ke kiransu birkin garkuwar jiki. Amfanin birkin a bayyane yake, domin garkuwar da ba ta da mai tsawata mata takan juya ta cinye gaɓoɓin mai ita. Matsalar ita ce ƙwayar kansa ta samu hanyar taka wannan birki, kuma abin da ya fi ɗaure kai shi ne harin garkuwar ne da kansa ke jawo hakan: ƙwayar T da ta iso wurin ƙari takan fitar da wani sinadarin faɗakarwa mai suna intafiron gama, shi kuma ya sa ƙwayar kansa ta yawaita PD-L1 a bayanta, har maharin ya yi laushi alhali yana tsaye a kan abin da ya zo kashewa. Magunguna irin su nivolumab da pembrolizumab, waɗanda aka fara amincewa da su a 2014, shiga suke yi tsakanin furotin ɗin biyu su hana su haɗuwa. A 2018 Honjo ya raba kyautar Nobel da James Allison, wanda ya yi aiki kan wani birkin daban mai suna CTLA-4. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ƙauyukan Najeriya suka sani ta hanyar yaƙi da kurkunu, ya sha pembrolizumab a 2015 bayan kansar fata ta kai masa ƙwaƙwalwa, ya kuma rayu har ƙarshen 2024.

Ga mazaunin unguwar Turaki a Jalingo, inda wannan ilimi ya fi shafa shi ne hanta. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, Taraba kuwa tana cikin jihohin da cutar ta fi yawa, kuma ɗan jihar, Danjuma Adda, ya taɓa shugabantar ƙawancen duniya na masu yaƙi da ciwon hanta. Wanda ya ɗauki ƙwayar cutar a jariri ko yana ƙaramin yaro yakan zauna da ita shekaru aru-aru ba tare da alama ba, a tsawon lokacin nan kuma ƙwayoyin T ɗinsa, saboda faɗan da ba ya ƙarewa, sukan tara PD-1 har su shiga halin da masana ke kira gajiyar garkuwa. Idan aka haɗa wannan da aflatoksin, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, wadda ke lalata ƙwayar gado mai suna TP53 da ke hana ƙari tasowa, sai kansa ta tsiro a cikin hantar da masu gadinta sun riga sun galabaita.

Sabon maganin ya samu gindin zama a kansar hanta a 2020 sakamakon gwajin IMbrave150, wanda daga baya ya nuna cewa haɗin atezolizumab, mai toshe PD-L1, da bevacizumab ya kai matsakaicin rayuwar majiyyata zuwa wata 19.2, idan aka kwatanta da wata 13.4 na tsohon magani sorafenib. Ci gaba ne na gaske, amma yana da iyaka, domin kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai ƙarinsu ya ragu a fili, sannan cire birkin yakan sa garkuwa ta kai wa hanji, huhu, maƙoƙo ko hantar kanta hari, abin da ke buƙatar ɗakin gwaji mai aiki da likita a kusa. Babban abin lura shi ne waɗanda aka ɗauka a gwajin masu sauran ƙarfin hanta ne. Wani nazari da aka buga a 2017 kan majiyyatan Afirka ya gano cewa a wajen Masar matsakaicin rayuwa bayan gano cutar wata biyu da rabi ne, kuma akasarinsu ba su kai shekara hamsin ba. Magidancin da aka kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa da shawara, sau da yawa ya wuce matakin da maganin zai amfane shi ko da an ba shi kyauta.

Ba a kuma bayar da shi kyauta. Cinikin Keytruda, sunan kasuwa na pembrolizumab, ya kai dala biliyan 25 a 2023, kuma allura ce da ake maimaitawa duk mako uku, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024. Asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da asibitoci shida, ciki har da na koyarwa da ke Gombe da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya kuma taƙaita ga kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, babu hanta a ciki.

Abin da ilimin PD-L1 ke nunawa a Taraba shi ne garkuwar jiki tana faɗuwa ne shekaru da yawa kafin ƙari ya bayyana, don haka kuɗin da jiha ke da shi zai fi tasiri a can baya. Rigakafin ciwon hanta nau'in B yana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, amma allurar farko tana son a yi ta cikin sa'o'i 24 da haihuwa, sharaɗin da haihuwar gida ke yawan karyawa sai idan an haɗa ungozomomi da ma'aikatan rigakafi. Tenofovir, wanda asibitocin jihar suka saba da shi ta hanyar kula da masu cutar ƙanjamau, yana danne ƙwayar cutar ya rage haɗarin kansa, hoton ciki duk wata shida kuwa yana iya kama ƙari tun yana ƙaramin da za a iya cirewa. Wannan bai ɗauke wa hukumomin lafiya nauyin neman rangwamen farashi ba, musamman ganin kariyar mallakar pembrolizumab za ta fara ƙarewa a 2028, haka nan wajibi ne su nemi a sanya majiyyatan Najeriya cikin gwaje-gwajen maganin, tun da kansar da ciwon hanta nau'in B da aflatoksin suka haɗu suka haifar ba ita aka fi gwada shi a kanta ba.