Ƙwaron da Ido Bai Gani, da Kurkunun da Ya Bar Mu

Jama'a, a shekarar 2020 masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka ba da labarin wani sabon ɗan jatan lande da aka kamo a Ramin Mariana, can ƙarƙashin Tekun Fasifik, zurfin fiye da mita 6,000. Da suka tsaga cikinsa sai ga zaren roba, shi ya sa suka raɗa masa suna Eurythenes plasticus. Mun san abin da wasu za su ce a Zango: aikin banza, mutum ya ƙare ransa yana ƙirga ƙafafun ƙwaro. To, a yi haƙuri tukuna.

Wannan ƙwaro yana da dangi a tafkunanmu na Salaga, Yendi da Bawku. Masana na kiransu Cyclops. Kowannensu bai fi kan allura ba, amma su ne masaukin 'ya'yan kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki ya haɗiye su, bayan kamar shekara guda sai tsutsa mai tsawon kusan mita ta ɓullo masa a ƙafa. Dattawanmu ba su manta yadda ake naɗe ta a tsinke ba, kullum kaɗan kaɗan, mai gida yana kwance makonni, kasuwa ta tsaya.

Wani Barashe, Fedchenko, shi ya fara gano wannan alaƙa wajen 1870, kuma a 1905 Robert Leiper ya zo Akra ya ƙara tabbatar da ita. Daga baya wani masani ɗan Nijeriya, Sanya Onabamiro, ya bi tafkunan ƙasar Yarabawa da madubin ƙara girma, yana rarrabe wane iri ne ke ɗauke da cutar. A 1957 ya bayyana sabon iri, Mesocyclops ogunnus. Wannan aikin haƙuri shi ne tushen dabarun da suka iso ƙauyukanmu: ƙyallen tace ruwa mai ramukan da ƙwaron ba zai iya ratsawa ba, da maganin Abate da ake zubawa a tafki, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a ruwan sha.

A ƙidayar 1989 an sami masu kurkunu kusan 180,000 a Gana. Yaƙin 1994 da ya shafi Bimbilla, Salaga da Yendi ya tarwatsa mutane, aikin ya koma baya. A 2007 ma cutar ta sake ɓarkewa a Savelugu, har tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo ya gani da idonsa. Mutum na ƙarshe an same shi a Diare, a watan Mayu 2010, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Gana shaidar rabuwa da cutar.

Ƙwaron kam yana nan cikin ruwanmu, tsutsar ce kawai babu. A Chadi kuwa an gano tana kama karnuka. Saboda haka fatakenmu masu ƙetare iyaka kada su raina ruwan tafkin hanya, su tafi da ƙyallen tacewa cikin kaya.