Fasil: Kalmar da Ke Sauya Hali a Iyakar Aflao

Shirinmu na musamman na yau daga Zongon Lome yake zuwar muku, kuma a kan kalma ɗaya tak za mu tsaya.

Duk mazaunin Zongo ya saba jin ta. Ka miƙa wa mai gyara wayarka da ta mutu, ya jujjuya ta, ya ce, "Fasil ne, Alhaji, dawo bayan la'asar." A Faransanci facile galibi na nufin abu mai sauƙi, ba yabo ba fallasa. To amma taka zuwa Aflao, inda Lome ta ƙare Ghana ta fara. Rubutun kalmar bai sauya ba, sai dai idan mai jin Ingilishi ya ce amsarka facile ce, wallahi kushe ka ya yi. Nufinsa ka yi magana sama-sama, ka kewaye inda gizo ke saƙar.

Tushenta Latin ne, harshen tsohuwar Rum: facilis, abin da ke yiwuwa ba wahala, daga facere, wato yi ko aikatawa. Faransanci ya gaje ta, Ingilishi ya aro ta daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 15, a lokacin ma'anarta sauƙi kawai. A hankali ta zame, ta koma sunan sauƙin da ba a yi masa gumi ba.

Wannan bambancin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin a tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni a 1977, a mai da shi arewa wajen Aguwe, cinikin shanu da goro ne ƙashin bayan unguwar. Yaro zai ga dillali a kara yana ta zuba, ya ɗauka daɗin baki ne kawai sana'ar. Bai ga shekarun da mutumin ya kwashe kafin ya iya duban sa ya faɗi naman da zai bayar ba. Bai ga maigidan da ya sauki fatake, ya ciyar da su, ya tsaya wa mahauci lamuni da sunansa da mutuncinsa ba. Sauƙin hannun gwani gaskiya ne, an biya kuɗinsa tuntuni. Hukuncin yaron nan kuwa, shi Ingilishi ke kira facile, kuma ni a ganina ya cancanci sunan.

Saboda haka 'yan'uwa ɗalibai, ku da kuka yi karatu da Faransanci kuke neman ƙari a Ankara ko Kano: idan malami ya rubuta facile a gefen takardarku, kada ku yi murna, ku koma ku sake aikin. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.