Shafin Mutum Ɗaya da Shafin Gayya: Abin da Bagega Ta Nuna

A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Yara kimanin 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasar wasu ƙauyukan, amma ƙauyen Bagega ya daɗe yana jiran kuɗin wannan aiki da gwamnatin tarayya ta alkawarta. Hamzat Lawal da abokan aikinsa na shirin Follow The Money suka yi ta rubutu a intanet da taken SaveBagega, ƙungiyoyi na ta matsa lamba, har aka saki kuɗin a farkon 2013.

Amfanin shafin mutum ɗaya ke nan. Mai shi ne ke rubutu da sunansa da zafin zuciyarsa, jama'a su yi sharhi a ƙasa, labari ya bazu kafin gari ya waye. Sai dai sabon rubutu ke danne tsoho. Duk wanda ya taɓa laluben abin da ya gani bara a Facebook ya san wahalar. Idan kuma mai shafi ya yi kuskure, shi kaɗai ke iya gyarawa.

Wiki tsarinsa daban. Ward Cunningham ya ƙirƙiro shi a 1995, Wikipedia ta biyo baya a 2001, kuma akwai ta Hausa. Aikin gayya ne: shafi guda, kowa na iya ƙarawa ko gyarawa, kowane gyara yana nan a ajiye da lokacinsa, wanda aka ɓata a maido shi. Ana buƙatar hujja rubutacciya, kuma a nan muke shan wuya, domin yawancin tarihin garuruwanmu a bakin dattawa yake.

A ganina masu kururuwa ba su yi mana ƙaranci ba, masu adanawa ne ba mu da su. Yaran da suka tsira daga gubar nan sun zama samari da 'yan mata, sun cancanci su karanta abin da ya same su da harshensu. Malamai da ɗaliban Anka da Bukkuyum, rahotannin likitoci da na jaridu suna nan. Ku tattaro su, ku rubuta shafukan garuruwanku da Hausa.