Yadda Aka Bi Sawun Shan Inna Daga Arewa Zuwa Jawa

A watan Maris na 2005, ƙafar wani yaro da bai kai shekara biyu ba ta shanye a ƙauyen Girijaya, gundumar Sukabumi, tsibirin Jawa na Indunusiya. Rabon ƙasar da shan inna tun 1995. Aka gwada bahayan yaron, aka ciro ƙwayar cutar, sai masana suka ce kakanninta daga Arewacin Nijeriya suka taso, suka bi ta Sudan da Saudiyya. Ta ina suka sani, alhali ƙwayar cuta ba ta da fasfo?

Amsar tana cikin ƙwayar. Idan aka ɓare kwansonta, abin da ke ciki zare ne guda ɗaya da ake kira RNA, ɗan'uwan DNA da ke jikinmu. Ƙashin bayan zaren sukari ne da fosfet, suna bin juna bi da bi, kowane sukari kuma yana riƙe da ɗayan sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da A, U, G da C. Na shan inna yana da irin waɗannan haruffa kusan 7,500 a jere. DNA igiya biyu ce a murɗe, ga kuma masu gyara da ke duba kuskure in ana kwafarta. Ita ƙwayar shan inna ba ta da mai duba mata. Tana kwafar kanta a hanjin yaro, ta yi tuntuɓe a harafi ɗaya, 'ya'yanta su gaji tuntuɓen. Kamar littafin hannu ne da malami ya kwafa ya tsallake wasali: duk wanda ya kwafa daga nasa zai ɗauki kuskuren, kuma da shi za a gane daga zauren wa littafi ya fito. Masana kan karanta wani yanki mai haruffa kusan 900, wanda ke sauya kimanin ɗaya cikin ɗari a shekara, don haka har tsawon tafiyar sukan lissafa.

Abin da ya buɗe wa ƙwayar hanya sananne ne. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon riga-kafi bisa zargin an gurɓata shi don hana haihuwa. Ba a banza mutane suka tsargu ba, don ba a manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Amma ƙwaya ba ta jiran a gama muhawara. Ta shiga ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. A Yaman yara fiye da 400 suka shanye, a Indunusiya fiye da 300.

Wani abin mamakin, da Kano ta koma ɗigo a Yulin 2004, maganin da ta yarda da shi na kamfanin Bio Farma ne da ke Bandung, babban birnin lardin da Sukabumi take ciki.

Har yau in ƙafar yaro ta saki farat ɗaya a Jangebe ko Bakura, jami'in lafiya yakan karɓi bahayansa sau biyu, da tazarar aƙalla kwana ɗaya, ya sa a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji, na Ibadan ko na Maiduguri. Wannan bin diddigin ne ya tona asiri a Agustan 2016, ana murnar shekara biyu babu cutar. Aka samu yara biyu da suka shanye a Gwoza da Jere, aka karanta haruffan ƙwayar, sai ga shi 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011. Wato shekara biyar tana yawo daga hanji zuwa hanji a garuruwan da rikicin Boko Haram ya hana masu ɗigo shiga. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.