Yadda Ake Gane Asalin Sarƙoƙin Wuyan Tsakiyar Asiya

Sarƙoƙin wuya na gargajiya a Tsakiyar Asiya galibi na azurfa ne, kuma ana gane asalinsu ta dutsen da aka dasa da salon ƙira.

Turkumawa sun fi son jan dutsen aƙiƙ a kan faffadar azurfa mai nauyi. Daga cikin ƙabilunsu, Teke kan shafa ruwan zinariya a wasu sassa, a bar sauran fari, zanen ya fito sarai. Yomut kan liƙa ƙananan faranta masu ruwan zinariya, su ƙara gilashi mai launi. Ersari ba su cika sa zinariya ba.

Aikin maƙeran Bukhara, na Uzbekawa da Tajikawa, ya fi laushi: siririyar waya da aka murɗa, shuɗin dutsen firuza, lu'ulu'u da murjani, kamar a sarƙar zebigardan. Kayan Khiva sun yi fice da yawan murjani da 'yan sarƙoƙi masu reto. Kazakawan yamma kan jera ƙwayoyin azurfa kamar tsabar gero kewaye da gilashi.

Tumar, gidan laya mai kusurwa uku, kusan kowace al'umma na da shi, don haka siffarsa kaɗai ba hujja ba ce.

Hatimi ma na taimakawa: lamba 84 ma'aunin azurfar daular Rasha ce, 875 kuma na zamanin Tarayyar Sobiyet. Sai dai kayan makiyaya da yawa ba su da hatimi, kuma ana ƙera sababbi da farin ƙarfe a kan tsohon salo.